Tsoro Ba Tausayi: Sharhi a Kan Wasan American Horror Story

Gabatarwa

Masana adabi sukan auna wasan kwaikwayo da abubuwa da dama, kamar jigo, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe. Amma a ganina, ma'aunin da ya fi saurin tona asirin marubuci shi ne yadda ya gina mutanen da ya zuba a cikin wasansa. In ya ba su rai, mai kallo zai bi su da zuciya ɗaya ko da miyagu ne. In kuwa ya sassaƙa su kamar 'yartsana, to, ko jini suke kuka da shi babu mai ce musu sannu.

Da wannan ma'auni nake so in auna wani dogon wasan talabijin na ƙasar Amurka mai suna American Horror Story, watau Labarin Ban Tsoro na Amurka. Zan dubi yadda wasan ya siffanta wani rukuni guda na taurarinsa, watau maza masu son 'yan'uwansu maza, waɗanda aka fi sani a Hausa da 'yan luwaɗi. Tun da wuri ya kamata mai karatu ya gane cewa wannan sharhi bai zo don yanke hukunci a kan ɗabi'ar ba, domin wannan fage yana da masu shi. Tambayar mai sharhin adabi ita ce: mutumin da aka sa a cikin labari, an yi shi mutum mai zuciya da tunani, ko kuwa an ajiye shi ne kawai kamar ragon da ke jiran wuƙa?

Taƙaitaccen tarihin wasan

Mutum biyu ne suka ƙago wasan, Ryan Murphy da Brad Falchuk. Tashar FX ta fara nuna shi ranar 5 ga watan Oktoba na 2011, kuma ya zuwa 2024 ya cika zango 12. Tsarinsa ya bambanta da na sauran dogayen wasanni, domin kowane zango labari ne mai zaman kansa, da sabon wuri da sabon zamani, amma sau da yawa 'yan wasa ɗaya ne suke dawowa da sababbin sunaye. Zangon farko a gidan fatalwa aka yi shi, na biyu a gidan mahaukata, na uku a makarantar mayu, na huɗu a dandalin 'yan wasan yawo, na biyar a otal, haka dai har zuwa ƙarshe.

Yabon gwani ya zama dole. Wasan ya iya hoto, ya iya kiɗa, ya iya sutura. Ya kuma ba mata dattijai irin su Jessica Lange da Kathy Bates da Angela Bassett filin da ba kasafai masu shirya wasa a Amurka suke ba macen da ta manyanta ba. Wannan gwaninta ita ce ta sa takaicin ya yi yawa, domin ba a jin haushin gurgu in ya kasa tsalle.

Tubali uku

Wanda ya bi wasan daga farko zai lura cewa kusan duk namijin da aka nuna yana son maza, daga ɗayan tubali uku aka buga shi. Akwai ɗan ƙwalisa mai kaifin baki, wanda aikinsa ado da gatse. Akwai mai ɓoye halinsa, wanda ɓoyon ke kai shi ga zub da jini. Sa'an nan akwai kyakkyawan saurayi wanda aka kawo shi don a nuna jikinsa, daga nan a daddatsa shi.

Mu fara da zangon farko na 2011, mai suna Murder House, watau Gidan Kisa. A cikinsa an nuna Chad da Patrick, waɗanda suka mallaki gidan a birnin Los Anjalis kafin iyalin Harmon su tare. Tun daga fitowarsu ta farko faɗa suke yi. Chad ya ƙwallafa ransa a kan ƙawata ɗakuna, Patrick kuwa yana cin amanarsa a waje. Wani yaro fatalwa mai suna Tate ya sa baƙar rigar roba mai rufe jiki har fuska ya kashe su duka biyu. Chad dai wuyansa aka karya. Amma Patrick, bayan dukan da ya sha, sai da aka wulaƙanta shi da ƙarfen tonon wuta ta hanyar da alƙalami ke jin kunyar rubutawa, wadda kuma take nuni kai tsaye ga halinsa. Bayan sun zama fatalwa ma ba su huta ba, sai aka mai da su masu shirin sace jariran matar gida.

Abin lura a nan shi ne rabon tausayi. Tate, wanda ya yi wannan aika-aika, ya kuma harbe 'yan makarantarsu, shi aka ba labarin soyayya da 'yar gidan, shi aka ba hawaye. A zango na takwas, cikin 2018, wasan ya koma wannan gida ya ɗora laifin Tate a kan sharrin da ke cikin gidan, ya kuma sasanta shi da budurwarsa. Chad da Patrick ba a ko waiwaye su ba. Daɗin daɗawa, a 2021 da aka fito da wani reshe na wasan mai suna American Horror Stories, sai aka sāke kawo wasu maza biyu cikin wannan gida, aka sa ɗaya yana cin amanar ɗaya, aka kuma kashe su. Shekara goma cur, tubalin bai canza ba.

A zango na huɗu, Freak Show, wanda aka gina a garin Jufita na jihar Fulorida a 1952, an haɗa tubala biyu wuri guda. Dell ƙato ne mai wasan nuna ƙarfi, yana da mata, amma a ɓoye yana son wani saurayi mai suna Andy. Shi Andy bai wuce kashi ɗaya da rai ba, wani ɗan masu kuɗi mai tabin hankali ya yaudare shi ya sassare shi. Stanley kuwa ɗan damfara ne mai sayar da gawar naƙasassun 'yan wasan ga gidan ajiye kayan tarihi, kuma shi ma maza yake nema. Da ya gano asirin Dell sai ya yi masa barazanar tonawa, har Dell ya kashe Ma Petite, 'yar ƙaramar matar da kowa ke ƙauna a dandalin. Dell ya mutu da harsashin shugabar dandalin, Stanley kuma 'yan dandalin suka yanke masa gaɓoɓi. Mutum uku ke nan: ɗaya nama, biyu mahauta.

Sauran zangunan ma ba su sāke zane ba. A zango na biyar akwai Will Drake, mai zanen tufafi, wanda matar otal ta aura don dukiyarsa, ta kuma jefa shi ga ajalinsa. A wannan zango ne aka gayyato fatalwar Jeffrey Dahmer da ta John Wayne Gacy, mutanen da suka kashe samari da yawa a zahiri, aka zaunar da su a teburin liyafa ana raha. A zango na bakwai, na 2017, Harrison ya shiga ƙungiyar asiri, ya yi kisa, daga baya matan ƙungiyar suka daddatsa shi. A na takwas, Gallant mai gyaran gashi ya caccaka wa kakarsa makami yana cikin ruɗin sha'awa, kafin ya mutu da guba.

Hanzarin da ba gudu ba

Mai karatu zai iya cewa: to, ai wasan ban tsoro ne, wa ya tsira a cikinsa? Wannan magana gaskiya ce. A wannan wasa an kashe miji da mata, an kashe yaro da tsoho, an kashe likita da ɗan sanda. Neman a bar wani rukuni ba a taɓa shi ba, neman son kai ne. Haka kuma babu laifi a sa irin waɗannan mutane su fito a miyagu, domin mugunta ba ta da ƙabila.

Amsar tana cikin wasan da kansa, a zango na biyu mai suna Asylum. A nan ne muka sadu da Lana Winters, 'yar jarida mai son mata, wadda Sarah Paulson ta fito a matsayinta. A 1964 ta je binciken wani gidan mahaukata mai suna Briarcliff, sai shugabar gidan ta tsoratar da abokiyar zamanta har ta sa hannu aka kulle ta a ciki. An yi mata abin da likitocin wancan zamani suke kira magani, watau a nuna wa mutum hoton abin da yake so a kuma ba shi maganin da zai sa shi amai. Wannan ba ƙage ba ne, an yi shi a asibitoci, kuma sai a 1973 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire wannan hali daga jerin cututtukan hauka. Lana ta sha azabar da ta fi ta Chad da ta Dell. Amma an ba ta wayo, an ba ta buri, an ba ta aibi irin na ɗan Adam, domin da ta sami suna sai ta yi jinkirin cika alkawarin da ta ɗauka wa waɗanda ta baro a kulle. Ta tsere, ta kashe wanda ya azabtar da ita, ta tona asirin gidan, ta rayu har ta tsufa. Mai kallo yakan riƙe numfashi saboda ita har kashi 13.

Ashe ke nan marubutan sun san hanya. Abin da suka yi wa Lana shi ne suka hana takwarorinta maza har zango goma. Bambancin yana wuri biyu. Na farko, Lana ita ke tuƙa labarinta, su kuwa labarin wani ne ke bi ta kansu. Na biyu, azabar Lana daga zaluncin wasu ta fito, amma su, kusan kullum ajalinsu ta ƙofar sha'awarsu yake shigowa, kamar dai wasan yana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Wannan salo tsoho ne a siniman Amurka. Daga 1934 zuwa 1968 akwai dokar tace finafinai da ake kira dokar Hays, wadda ta hana a nuna irin waɗannan mutane a fili, ta kuma tilasta duk wanda ya kauce hanya a labari ya gamu da sakamakonsa. Masu shirya fim suka saba da nuna su a kaikaice, a mahaukata ko makasa ko masu kashe kansu. A 1981 wani mai sharhi, Vito Russo, ya wallafa littafi mai suna The Celluloid Closet, ya rufe shi da jerin irin waɗannan taurari da yadda kowannensu ya mutu a fim. Da za a sabunta wannan jeri, wasan da muke magana a kai zai cika shafi shi kaɗai.

Wani hanzarin kuma shi ne cewa Ryan Murphy da kansa yana cikin wannan rukuni, haka ma da yawa daga 'yan wasansa, irin su Zachary Quinto da Matt Bomer da Denis O'Hare, kuma duk sun faɗa da bakinsu. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka ne, amma sanin inda ake yoyo daban, toshe shi daban. Murphy ne ya shirya fim ɗin The Normal Heart a 2014, yana kuma cikin waɗanda suka ƙago wasan Pose, wanda aka nuna daga 2018 zuwa 2021, inda Billy Porter ya fito a mutum cikakke mai dariya da fushi da tsoron mutuwa, har ya ci kyautar Emmy a 2019. Wanda ya iya wannan ba shi da uzurin rashin sani.

Zangon Niyok

A watan Oktoba na 2022 aka fara nuna zango na 11 mai suna NYC, mai kashi goma. A karon farko mafi yawan manyan taurarin maza ne masu son maza, a birnin Niyok cikin 1981. Akwai Gino ɗan jarida, da abokin zamansa Patrick, ɗan sandan ciki mai ɓoye halinsa, da wani saurayi Adam mai neman abokinsa da ya ɓace. Wani makashi yana bin su ɗaya bayan ɗaya, 'yan sanda sun yi ko oho, ga kuma wata cuta da ba a san sunanta ba tana fitowa a jikinsu.

Zaɓen shekarar ya dace. A ranar 5 ga Yuni na 1981 ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samari biyar a Los Anjalis masu wani irin ciwon huhu, rahoton da aka ɗauka a matsayin farkon labarin ƙanjamau a hukumance. Shugaba Reagan bai yi babban jawabi a kan cutar ba sai a 1987, bayan dubban mutane sun mutu. Babu marubucin ban tsoro da zai ƙago abin da ya fi wannan: mutum yana kallon abokansa suna ƙarewa, likita bai san dalili ba, hukuma ta kau da kai, dangi sun rufe ƙofa.

To, me wasan ya yi da wannan dama? Kashi takwas daga cikin goma ya ɓata su a mashaya da ɗakunan azaba. Makashin ya fito daga cikinsu ne, yana harhaɗa sassan gawarwaki. Sam, attajirin da Quinto ya fito a matsayinsa, yana kulle saurayi a keji. Shi kansa Patrick, wanda ya kamata mai kallo ya dogara da shi, an nuna yana da hannu a binne gawar wani yaro a ɓoye. Duk wannan ya yi kama da fim ɗin Cruising na 1980, wanda mutanen da ake siffantawa suka yi wa zanga-zanga a titunan Niyok tun ana ɗaukarsa a 1979.

Babban kuskuren yana ga dodon zangon, wani ƙato mai rufe fuska da kayan fata, wanda ake kira Big Daddy. Daga ƙarshe mai kallo yakan gane cewa shi ne cutar, an ba ta jiki. Siffanta annoba da dodo dabara ce mai kyau. Amma da aka tashi yi wa dodon sutura sai aka sa masa kayan da wasan ya riga ya danganta da sha'awar mutanen. Ma'anar da ta fito, ko an nufa ko ba a nufa ba, ita ce abin da suke so shi ne ya zo ya cinye su. Wannan kuwa ita ce maganar da aka yi ta jifan majinyata da ita a wancan lokaci, wadda ta sa aka yi sakaci da cutar har ta game mata da jarirai da masu karɓar ƙarin jini.

Har ila yau, wasan ya sa wata mata tana cewa gwamnati ce ta ƙera ciwon a wani ɗakin gwaji da ke tsibiri, ya kuma bar maganar tana lilo. Wannan wasa ne da wuta. Masana a cibiyar Pasteur ta birnin Faris sun gano ƙwayar cutar a 1983, bincike kuma ya nuna asalinta daga wani jinsin manyan birai ne na kudu maso gabashin Kamaru, ta kuma fara yaɗuwa a Kinshasa wajen 1920. Jita-jitar cewa ƙera ta aka yi, masu leƙen asirin Tarayyar Sobiyat ne suka fara shuka ta a wata jaridar Indiya a 1983, ta zagaya duniya har ta iso Afirka, inda irin wannan zance ya sa mutane shakkar likita da magani.

Abin da aka bari kuwa shi ne mafi armashi. A watan Janairu na 1982 Larry Kramer da wasu abokansa biyar suka kafa ƙungiyar taimakon majinyata a Niyok, 'yan sa kai suna kai abinci, suna zama da waɗanda danginsu suka guje su. A 1987 aka kafa ƙungiyar ACT UP, wadda ta matsa wa hukuma lamba a kan saurin fito da magani. Waɗannan su ne Lana Winters ɗin wannan labari, ga su a tarihi ba sai an ƙago ba. Wasan ya ɗan taɓo wannan ta hannun Adam da Gino, amma taɓawa ce irin ta gishiri a miyar taron biki.

Duk da haka tilas a faɗi gaskiya a kan kashi biyu na ƙarshe. A nan wasan ya ajiye wuƙa. Ya nuna Patrick a gadon asibiti, ido ya tafi. Ya nuna Gino yana tafiya daga wannan jana'iza zuwa waccan, shekaru suna wucewa, abokai suna raguwa, babu magana sai kiɗa. Wannan ne wurin da ya fi ko'ina ban tsoro a zangon, kuma babu jini a cikinsa. Sai dai ya zo ne kamar ihu bayan hari, domin an riga an cinye lokacin da ya kamata a sa mu san mutanen nan mu ƙaunace su.

Kammalawa

Tsoro a adabi ɗan tausayi ne. Yaron da ake yi wa tatsuniyar dodo yakan ƙanƙame kakarsa ne saboda ya damu da yarinyar da ta je rafi ita kaɗai. In ba a sa shi ya damu da ita ba, duk girman haƙoran dodo ba za su hana shi barci ba. A kan wannan ne American Horror Story ya gaza game da waɗannan taurari nasa. Ya ba su fili mai yawa, amma ya ba su rai kaɗan, shi ya sa mutuwarsu takan tayar da ƙyama maimakon tsoro. Hasarar kuma ba ta tsaya ga fasaha ba. Akwai masu kallo da yawa a duniya waɗanda a allon talabijin kaɗai suke ganin irin waɗannan mutane, kuma abin da aka maimaita musu zango bayan zango shi ne za su ɗauka gaskiya.

Mu da muke koyon rubutu, akwai abin ɗauka a nan. A wasanninmu ma akwai waɗanda muka saba bugawa daga tubali ɗaya: ɗan ƙauye kullum wawa, kishiya kullum muguwa, ɗan daudu kullum abin dariya. Marubuci yana da ikon ya so tauraronsa ko ya ƙi shi, ya ba shi nasara ko ya kashe shi a shafi na biyu. Amma kafin ya ɗauki wuƙa, ya kamata ya tabbata ya ba shi uwa da uba, da abin da yake fata, da abin da yake tsoro. Allah ya sa mu gyara.